Gurbin da aka bari fayau: wa rumbun bayanai zai yarda da shi a Damagaram?

Duk wanda ya taɓa saka WampServer a kwamfuta ya san 'yar alamar nan da ke can ƙasan allo ta hannun dama. Da ja take farawa, ta koma ruwan goro, sannan ta yi kore. Da ta yi kore shi ke nan, sai a buɗe shafin phpMyAdmin, a rubuta root a gurbin suna, a bar gurbin kalmar sirri fayau, a danna. Rumbun bayanai ya buɗe ke nan gaba ɗayansa, da ikon karantawa da na gyarawa da na gogewa, ba wanda ya tambayi mai shiga ko shi wane ne.

Da haka ɗimbin matasan ƙasashen da ke aiki da Faransanci suke fara koyon rubuta manhaja, daga Dakar har Damagaram. Wani Bafaranshe, Romain Bourdon, shi ya ƙirƙiro WampServer, takwararta XAMPP kuma daga Jamus ta fito a 2002. Kowace tana haɗa wa mai koyo Apache da PHP da MySQL ko MariaDB a ƙunshi guda, kuma kowace tana zuwa da babban asusun rumbun ba kalmar sirri. Masu XAMPP ba su ɓoye ba, sun faɗa ƙarara cewa kayan gwaji ne, ba na ɗora aikin gaske ba. Amma manhaja ba ta zama inda aka haife ta. Wadda ɗalibi ya rubuta don kundin kammala karatu, bayan 'yan watanni sai a tarar da ita tana lissafin magani a wani kanti a Zango, ko tana riƙe da makin yara a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, ko tana ƙirga buhunan wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole. Da kayanta duka take ƙaura, har da wancan gurbi.

Fiye da shekara ashirin ke nan masu gina waɗannan rumbuna suna ja-in-ja a kan tambaya ɗaya. Idan an saka uwar garken rumbun bayanai a kwamfutar da ke cikin ɗaki, ba a wata cibiya mai nisa ba, kuma wanda ya saka bai taɓa komai ba, ta yaya ya kamata ta gane mai neman shiga?

A Damagaram wannan ba gardamar masana ba ce kawai. Ƙidayar 2012 ta ba jahar mutum sama da miliyan 3.5, fiye da kowace jaha a Nijar, kuma harkokin wannan jama'a sannu a hankali suna barin littafin rajista suna komawa kwamfuta. Jami'ar da aka kafa a birnin a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, tare da makarantun koyon sana'a, suna yaye matasan da ke neman inda za su gwada abin da suka koya. Manyan wurare irin bankuna da matatar mai ta SORAZ suna da ƙarfin ɗaukar ma'aikacin da aikinsa ke nan. Mai kantin magani ba shi da wannan ƙarfi. Shi yaro zai kira, ya saka masa manhaja, ya biya shi, su yi sallama.

Yana kuwa da hujjar ajiye rumbunsa a ƙarƙashin teburinsa maimakon can cikin intanet. Rezo yakan ɗauke ba sallama. Kuran ma haka. Da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙasar da a lokacin take samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga maƙwabciyar ta shiga duhu, Yamai da Maraɗi da Damagaram duk suka ɗanɗana. Wanda ya ga wannan ba zai yarda cinikinsa ya dogara da eriyar wani ba.

Inda aka fi ganin zaɓin a fili shi ne cikin PostgreSQL, rumbun da manhajar kiwon lafiya ta DHIS2, wadda Nijar ke tattara alƙaluman asibitocinta da ita, take zaune a kansa, haka ma manhajar kasuwanci ta Odoo. Yana da wani ɗan fayil mai suna pg_hba.conf. Kowane layi a ciki yana faɗin ta inda mai neman shiga ya biyo, da rumbun da yake nufi, da sunan da ya zo da shi, sai kalma ta ƙarshe wadda ita ce hukunci, wato yadda za a tantance shi. Daga sama ake karantawa zuwa ƙasa, layin farko da ya dace shi ke aiki, ba a waiwayar na bayansa komai tsaurinsa. Layi ɗaya mai sako-sako a sama ya isa ya kashe goma masu ƙarfi a ƙasa.

Mutanen Birnin Damagaram ba baƙin wannan lissafi ba ne. Ganuwar da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye garin da ita, ƙarfinta bai wuce na masu tsaron ƙofofinta ba. A ce akwai mai gadin da zai tambayi baƙo sunansa, baƙo ya ce shi ne Galadima, mai gadi ya ce bismilla: wannan shi ne trust. Akwai wanda ba ya jin ta bakin baƙo, sai ya waiwaya ya tambayi mai unguwar da ya san kowa: shi ne peer, inda rumbun ke tambayar ita babbar manhajar kwamfutar, Linux alal misali, da wane asusu wannan mutum ya shiga na'urar, in sunan ya yi daidai da wanda yake nema a rumbu sai a buɗe masa. Na uku ba ruwansa da suna ko fuska, shaida yake nema a hannu, ita ce kalmar sirri, ko ta tsohuwar hanyar md5 ko ta sabuwar scram-sha-256.

Haɗarin na farkon ya wuce a karanta wa mutum lissafinsa. Wanda aka yarda da shi a kan faɗarsa zai iya cewa shi ne postgres, asusun da ke da iko a kan komai. Tun daga fitowar 9.3 a 2013 kuwa, mai wannan asusu yana iya umartar rumbun ya gudanar da kowane irin umarni a kan ita kanta kwamfutar. Ashe wanda ya samu rumbun ya samu na'urar.

Abin mamaki, wanda ya harhaɗa PostgreSQL daga tushe ya kira umarnin initdb bai zaɓi komai ba, har yau trust zai samu ga duk mai shigowa daga cikin na'urar, sai ɗan gargaɗi da ke wucewa a allo cikin wasu layuka da ba kowa ke karantawa ba. Ba don ba a yi yunƙurin gyarawa ba. A watan Yulin 2019 ɗaya daga cikin jagororin aikin, Peter Eisentraut, ya shigar da canjin da zai mayar da zaɓin farko ya koma peer ga na cikin gida, kalmar sirri ga sauran. Canjin bai daɗe ba aka janye shi, saboda na'urorin da ke gwada manhajar da kansu dare da rana sun saba shiga ba tambaya, duk sai suka cije. Wannan ɗan labari ya tona asirin matsalar: da zarar zaɓin farko ya zauna, dubban abubuwa ake ginawa a kansa, cire shi sai an rushe wani abu. Abin da ke rage ɓarnar shi ne PostgreSQL ba ya sauraren kowa daga waje sai an buɗe masa da gangan.

Don haka hukuncin ya koma hannun masu rarraba manhajar, kowa da ra'ayinsa. Debian da Ubuntu suna saka peer ga mai shigowa ta soket na cikin na'ura, kalmar sirri ga mai biyowa ta rezo. Manhajar sakawa ta Windows da kamfanin EDB ke fitarwa tana tsayar da mutum ta ce ya zaɓi kalmar sirri kafin ta ci gaba. Homebrew a kan Mac tana barin trust. Kwafin PostgreSQL na Docker kuwa daga 2020 ya daina tashi sam sai an ba shi kalmar sirri, ko mutum ya rubuta da hannunsa cewa trust yake so. Manhaja ɗaya, amma ƙarfin ƙofarta ya danganta da inda aka sauko da ita, abin da mai kanti bai ma san ana zaɓa ba.

Tafiyar MySQL ta fi tsawo da karkace-karkace. Shekaru da yawa tana zuwa da root ba kalmar sirri, da wani asusu marar suna, da rumbun gwaji da kowa ke iya taɓawa, sai a ce wa mutum in ya gama ya kira mysql_secure_installation ya share su. Mai gaggawa ba ya kira. A 5.7, wadda ta fito a 2015, aka fara ƙirƙiro kalmar sirri ta wucin gadi a jefa ta cikin fayil ɗin rahoto, dole a canza ta a shigar farko. Ubuntu ta bi wata hanya, ta ɗaura root a kan soket. MariaDB ta mayar da wannan ƙa'idarta a 10.4 cikin 2019, da hujja mai ƙarfi: wanda ya riga ya zama mai iko da dukan na'ura yana iya karanta fayilolin rumbun kai tsaye, to neman wata kalmar sirri daga gare shi bai ƙara tsaro ba, sai dai ya ƙara abin mantawa da abin sacewa.

Ba da daɗin rai aka yi waɗannan gyare-gyare ba, wuya ce ta sa. A watan Mayun 2002 tsutsar Spida ta bi intanet tana ƙwanƙwasa mashiga mai lamba 1433, tana neman SQL Server na Microsoft da aka bar babban asusunsa mai suna sa ba kalmar sirri, kuma ta samu da yawa. Oracle ta daɗe tana zuwa da asusun scott mai kalmar sirri tiger, wanda duk ɗalibin fannin ya haddace. Mafi muni shi ne abin da ya sami MongoDB, wanda tsoffin fitowarsa ba sa neman kalmar sirri kuma suna sauraren duk duniya. A ƙarshen Disambar 2016 wani mai bincike ɗan Holan, Victor Gevers, ya fara ganin rumbunan da aka kwashe aka bar takardar neman fansa ta bitkoyin 0.2. Kafin tsakiyar Janairun 2017 adadin ya haura 27,000, kuma da yawa cikin waɗanda suka biya ba su ga komai ba, don ɓarayin gogewa suka yi, ba su kwafa ba. Sai a fitowar 3.6, ƙarshen wannan shekara, MongoDB ya koma sauraren cikin na'ura kaɗai. A Disambar 2020 kamfanin Guardicore ya ba da rahoton rumbunan MySQL 250,000 da aka sace aka kasa a kasuwar ɓoye, ta hanyar cankar kalmomin sirri marasa ƙarfi. A Janairun 2023 kuma Microsoft ta bayyana yadda manhajar ɓarna ta Kinsing ke shiga PostgreSQL da aka bari a kan trust tana haƙar kuɗin intanet da wutar mai na'ura.

Mai saka manhaja a Damagaram yana da amsar da ya tanada ga duk wannan: «Alhaji, ai wannan ba ta kan intanet, a cikin shago take.» Kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Kwamfutar da ke shiga intanet ta layin Airtel ko Moov ko Zamani galibi tana raba adireshi ɗaya da ɗimbin wasu, a bayan na'urorin kamfanin waya, ta yadda mai laluben rumbuna daga wata ƙasa ba ya ganinta. Asusun root na XAMPP ma daga cikin na'urar kaɗai yake karɓar baƙo. Kariya ce ta gaske, sai dai ba wanda ya gina ta da niyya, kuma tana kare abin da bai fi damun mai shago ba.

A ganin mai wannan sharhi, a nan ne muhawarar Turai da Amurka ta kauce wa halin da ake ciki a wuri irin Damagaram. Su da suka ce «kwamfutar cikin gida», suna nufin ta mutum ɗaya, mai rubuta manhaja, a ɗakinsa, wadda ba mai taɓawa sai shi. A nan kuwa kwamfutar cikin gida ta jama'a ce. Mai karɓar kuɗi na safe yana kanta, na yamma yana kanta, ɗan mai shago yana kallon ƙwallo a kanta bayan Isha, ɗalibin da ya zo koyon aiki yana buga rahotonsa, maƙwabci ya kawo kile a fitar masa da takarda. Asusun Windows ɗaya ne, shi ma sau da yawa ba kalmar sirri. In ta lalace a ɗora ta a bayan babur a kai wa mai gyara ta kwana biyu. Duk waɗannan mutane «na cikin gida» ne a idon rumbun.

A ɗauki kantin magani. Manhajar da ke gaban mai sayarwa tana iya zama da tsari mai kyau: kowa da sunansa da kod ɗinsa, ba mai soke ciniki sai shugaba, duk abin da aka yi ana rubutawa. Amma wannan duk a bene na sama yake. Wanda ya buɗe phpMyAdmin a wani shafi na gefe ya sauka ƙasa, inda teburin kaya yake tsirara. Ya nemo layin wani maganin zazzaɓi, ya ga 40, ya danna sau biyu, ya rubuta 28, ya rufe. Kwali 12 sun fita daga lissafi, manhajar sama ba ta san an yi ba, rumbun kuma in ma yana ajiye rahoto, abin da zai ce shi ne root ya yi. Root kuwa kowa ne. Haka makin jarabawa, haka bashin da ake bin abokin ciniki, haka sakamakon gwajin jinin wata baiwar Allah da ba ta so ko mijinta ya ji daga bakin wani.

Ɓarnar ba ta tsaya ga abin da aka rasa ba. Ran da lissafi ya ƙi daidaita, dole a zargi wani, kuma zargi ba ya hawa sama, gangarowa yake yi. Kan yaron shago zai faɗa, ko sabuwar ma'aikaciya, ko wanda ba shi da dangi a gidan. Rumbun da ke bambanta masu shiga ba dukiyar Alhaji kaɗai yake karewa ba, har da mutuncin wanda bai ci ba bai sha ba.

Ita ma waccan kariya ta sa'a ba ta daɗewa. Ciniki ya buɗe, an sayi kwamfuta ta biyu don ɗakin ajiya, ta ƙi haɗuwa da ta farko. Mai sakawa ya bincika, ya samo maganin da ya fi yawo: a MySQL a ƙirƙiro root mai alamar %, wato daga ko'ina, a ba shi dukan iko, a PostgreSQL a ƙara layi mai 0.0.0.0/0 a ƙarshensa a rubuta trust. Nan take ta haɗu, kowa ya yi murna. Daga wannan rana duk wayar da ke da kod ɗin Wi-Fi na shagon, har ta masu shayin bakin titi da aka ba don zumunci, tana iya isa rumbun. Sai Alhaji ya ce yana so ya riƙa ganin ciniki daga Kano ko daga Makka, a buɗe mashiga a na'urar rezo, ko a saka AnyDesk da kod mai sauƙi, ko a kwashe komai yadda yake a ɗora a uwar garken haya a Faransa. Can kuwa injunan lalube irin Shodan ba sa barci.

Akwai kuma ƙofar da ɗaukewar wuta ke buɗewa. Kuran ya tafi ana tsakiyar rubutu, rumbu ya ƙi tashi, layi ya taru a gaban kanti. Mai gyara ya zo a gurguje, bai san kalmar sirri ba, sai ya mayar da layin pg_hba.conf zuwa trust, ko ya tayar da MySQL da skip-grant-tables, wanda ke kashe tantancewa ɗungurungum. Aiki ya tashi, an gode masa, ya hau babur. Mayar da layin yadda yake kuwa sai wani jiƙon.

Masu barin gurbin fayau suna da tasu hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ga abin da kalmar sirri ke jawowa. Yaron da ya saka manhajar ya samu aiki a Yamai, ko ya bi hanyar Agadas, lambarsa ba ta shiga, kuma shi kaɗai ya san kod. Ko an saka, amma 1234 ce, an rubuta a 'yar takarda an manna a gefen allo. Ko tana zaune a fili cikin fayil ɗin config.php, inda duk mai iya buɗe Notepad zai gani. Wasu kayan ma da nasu sanannen kod suke zuwa: HFSQL na WinDev, wanda masu rubuta manhajar kasuwanci a ƙasashen Faransanci ke ji da shi, ya daɗe yana zuwa da asusun Admin ba kalmar sirri, Odoo ta Windows kuma da openpg da openpgpwd. Kalmar sirrin da duk duniya ta sani, sunanta kawai kalmar sirri.

Tsoron kullewa a waje dai ya fi gaskiyar abin girma, tunda dabarar mai gyaran nan ta nuna cewa mai iko da na'ura ba ya rasa hanyar sake saita kod. Kuma wannan tsoro shi ne ainihin abin da tantancewa ta soket ta zo ta kashe: ba abin haddacewa, ba abin mannawa a allo, ba abin da zai bi wani zuwa Libiya. Ga asusun mai gudanarwa a kan Linux, babu zaɓin farko da ya kai ta. Sai dai tana da sharaɗi biyu, kuma duka biyun suna da nauyi a Damagaram. Na ɗaya, amincinta daga amincin asusun na'ura yake. In mutum biyar suna shiga da asusu ɗaya, shaidar da babbar manhaja za ta bayar ba ta bambanta kowa. Na biyu, peer ba ya aiki a Windows, alhali Windows ce a kan teburan shaguna da ofisoshi. Akwai makamancinsa a can, SQL Server ma da asusun Windows yake fara tantancewa, PostgreSQL kuma yana da sspi, amma ba kasafai ƙaramin mai sakawa ke bi ta kansu ba. A aikace, mai Windows ba shi da mafita sai kalmar sirri ta gaske.

In kuwa kalmar sirri ce, wace iri? A tsarin md5 na PostgreSQL, abin da ake ajiyewa a rumbu shi kansa ya isa a shiga da shi, ko ba a san asalin kalmar ba. Wanda ya saci kwafin ajiya ya saci mabuɗi. A scram-sha-256, wanda ya shigo da fitowa ta 10 a 2017 ya zama zaɓin farko a ta 14 a 2021, ba a aika kalmar ta waya, abin da aka ajiye shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa, kuma ita ma uwar garken sai ta tabbatar wa mai shiga cewa ita ce. Fitowa ta 18 a 2025 ta sanar cewa md5 na kan hanyar fita. MySQL ta yi irin wannan ƙaura zuwa caching_sha2_password a 8.0 cikin 2018, ta kashe tsohuwar hanyar a 8.4, ta cire ta a 9.0 cikin 2024. Cikas ɗin shi ne tsoffin manhajoji: PHP bai iya sabuwar hanyar MySQL sosai ba sai a 7.4, don haka dubban masu sakawa suka koyi mayar da rumbu baya maimakon ciyar da manhajarsu gaba. A inda sauko da sabon kaya ke cin kuɗin data, kuma kile ɗaya mai tsohon WampServer ke zagaya aji guda, wannan jan ƙafa ya fi daɗewa.

Kada kuma a ɗora wa tantancewa abin da ba nata ba. Wanda ya ɗauke kwamfutar ko ya zare faifanta ba ya bi ta ƙofar rumbu, wannan sai rufe faifai da BitLocker ko LUKS. Wanda aka goge wa bayanai kuma ba abin da zai cece shi sai kwafin da ya ajiye a wani wuri dabam.

Doka ta fara shigowa cikin zancen. Jihar Kalifoniya daga Janairun 2020, Birtaniya daga 29 ga Afrilun 2024, sun hana sayar da na'urorin gida masu shiga intanet da kalmar sirri iri ɗaya ga kowa, ko da yake dokokin ba su kai ga manhajar rumbun bayanai ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 3 ga Mayun 2017, wadda doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disambar 2022 ta maye gurbinta, da hukumar HAPDP mai sa ido, sannan ga dokar laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019 da ke hukunta shiga tsarin wani ba izini. Nauyin tsare bayanai a kan mai tattara su yake, wato mai asibitin ko mai makarantar, ba yaron da ya saka manhaja ya tafi ba. Kuma da wuya a kama wanda ya shiga ba izini a rumbun da bai taɓa neman izinin kowa ba.

Hukuncin mai wannan sharhi shi ne, zaɓin farko ya kamata a yanka shi daidai da wanda ba zai taɓa canza shi ba, ba daidai da gwanin da ya san inda fayil yake ba. Gwani in yana son trust don gwaji, layi ɗaya ne, ya rubuta da hannunsa kamar yadda Docker ke tilasta masa. Ga sauran jama'a, rumbu ya tashi yana sauraren cikin na'ura kaɗai, mai gudanarwa ya shiga ta soket inda akwai, inda babu kuma manhajar sakawa ta ƙi wucewa sai an ba ta kalmar sirri mai tsawo. Ita manhajar ciniki a yanka mata nata asusu mai iko a kan rumbunta kawai, kada ta taɓa aiki da root ko postgres ko sa. In kwamfuta ta biyu ta zo, adireshinta kaɗai za a rubuta.

Tunda masu WampServer da XAMPP ba don kantunan Zango suke aiki ba, gyaran a gida zai fara. Malaman da ke duba kundin ɗalibai a jami'a da makarantun sana'a suna da damar da ba wanda ya kai su: su buɗe fayil ɗin haɗi a gaban ɗalibi ranar kare kundi, in manhajar da root take shiga, a rage maki kamar yadda ake ragewa in lissafi ya kuskure. Mai kanti da shugaban makaranta da mai ƙaramin asibiti kuma ba sai sun iya kwamfuta ba. Kafin su biya cikon kuɗin aiki, su nemi a rubuta musu a takarda sunayen duk asusun da ke rumbun da ikon kowanne, da kwamfutocin da aka yarje wa shiga, a sa kalmar sirrin mai gudanarwa a ambulan a rufe a ba su su kulle a inda suke kulle kuɗi. Duk ranar da mai gyara ya taɓa na'urar, ko ma'aikaci ya bar aiki, a sake ta. Mai sakawar da ya ce wannan ɓata lokaci ne, a nemi wani.